Haraji da Tukunyar Uwargida

Yau tarihi za mu taɓa, amma tarihin da ya shafi tukunyarki da cikin 'ya'yanki. Sau da yawa nakan ji mace ta ce, "Ni ina ruwana da gwamnati, ni da ko ƙofar gida ba na leƙawa?" To uwargida, gyara zama ki ji yadda shawarar da aka yanke a ofis take ratso zaure ta iske ki har madafa.

Kakata, Allah ya jiƙanta, in tana ba mu labarin ƙuruciyarta, ba ta rasa ambaton lokacin haraji. Ta ce da an gama girbi sai ka ji sanƙira yana shela, mai unguwa ya fara bi gida-gida. Wata shekara kakanmu ya rasa kuɗin, aka zaunar da shi a rana a ƙofar gidan dagaci tun hantsi har la'asar. Ita ce ta ciro tasoshi biyu daga jerenta na aure, ta ba yaro ya kai kasuwa, sannan aka sake shi. Ta ce a shekarar sai da babbar 'yarta ta fara ɗaukar tallan ƙuli-ƙuli. Kun ga harajin a kan namiji aka rubuta shi, amma mace da yarinya suka biya.

Tun kafin zuwan Turawa akwai kuɗin ƙasa, da jangali na shanu, da kuɗin sana'o'i irin su karofi. Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tattara waɗannan suka tsara su, suka bar karɓa a hannun sarakuna da hakimai da dagatai. Babban abin da ya sauya shi ne, a hankali aka daina karɓar wuri da hatsi, aka ce sai kuɗin Bature. Manomi kuwa ina zai samo sule in bai sayar da amfanin gonarsa ba? Ga shi da kaka ake karɓa, lokacin da gero da dawa suka fi araha. Sai ya sayar da arha ya biya haraji, in damina ta yi tsakiya rumbu ya ƙare, ya dawo ya sayi hatsin nan da tsada, ko ya ci bashi. Wasu magidanta kuma su tafi cin rani, su bar mata da yara da abin da ya samu.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, noman gyaɗa ya bunƙasa, mutane da dama suka rage gonar abinci don su samu kuɗin hannu. Ba a jima ba ruwa ya yi ƙaranci a 1913, aka shiga yunwar 1914 da Kanawa ke kira Kakalaba, wadda ta ci rayuka masu yawan gaske. A 1927 aka sake yin wata, 'Yar Buhu. A duk irin wannan hali, ƙananan yara da masu goyo su ne farkon galabaita.

Haka aka yi ta tafiya har 8 ga Agusta, 1950, ranar da wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Kiransu shi ne sawaba ga talaka, kuma cikin abubuwan da suka fi kuka da su akwai zaluncin karɓar haraji da aikin tilas. A nan ne wata yarinya daga Zariya ta shigo, Hajaratu, wadda duniya ta sani da Hajiya Gambo Sawaba. An haife ta a 1933, ta tashi marainiya, karatunta bai yi nisa ba, an yi mata aure tana da shekara 13. Tana 'yar shekara 17 ta shiga NEPU, ta zama shugabar mata a reshen Sabon Garin Zariya. Har Abekuta ta je wurin Funmilayo Ransome-Kuti, matar da ta jagoranci matan garin suka yi bore kan harajin da aka ɗora wa mata, har sai da sarkinsu ya sauka daga gadon mulki na wani lokaci a 1949.

Abin da nake so ku riƙe game da Hajiya Gambo shi ne wannan: da ta zo Kano a farkon shekarun 1950, gida-gida ta riƙa shiga, tana zama da matan kulle irinku a tsakar gida, tana yi musu bayanin yadda ake mulkinsu. A kan haka aka kama ta, aka ɗaure, aka kore ta daga Kano. An ɗaure ta har sau 16 a rayuwarta, an doke ta, an aske mata kai. Me ya sa masu iko suka tsorata da hira da matan da ba sa fita? Saboda sun san mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ke auna tsaba kullum ta fi kowa sanin nauyin haraji.

A lokacin nan macen Arewa ba ta da ƙuri'a. A zaɓen 1959 matan Kudu sun jefa, namu suna gida. Sai a 1976 aka buɗe musu ƙofa a zaɓen ƙananan hukumomi, tsarin mulkin 1979 kuma ya tabbatar. A zaɓen 1979 mata suka fito da lulluɓinsu suka yi layi, jam'iyyar Malam Aminu ta PRP mai alamar mabuɗi ta ci jihohin Kano da Kaduna. Da hawan Alhaji Abubakar Rimi da Alhaji Balarabe Musa a watan Oktoba, suka soke haraji da jangali, sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Kakata ta ce ranar guɗa aka yi ta yi a unguwarsu kamar ana biki.

To amma kada in yi muku daɗin baki, soke haraji bai kori talauci ba. A 1986 aka shigo da tsarin tsuke bakin aljihu na SAP, darajar naira ta faɗi, kaya suka yi tsada. Aka yi Better Life na Maryam Babangida a 1987, aka yi shirin tallafa wa iyali na Maryam Abacha a 1994, aka yi NAPEP a 2001. Kowanne ya taɓa wasu, amma da gwamnatin da ta kawo shi ta wuce sai ya bi ta. A 2022 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskar abinci, lafiya, ilimi da muhalli, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa, kuma yara biyu cikin uku na ƙasar nan suna ciki. Da aka cire tallafin man fetur a 2023, ba wanda ya aiko mai unguwa, amma kin ji shi a kuɗin niƙa, da kuɗin mota zuwa asibiti, da farashin mudu. Har yanzu in gida ya matsu, akuyar uwargida ake fara kamawa, 'yarta ake fara ɗora wa faranti.

Saboda haka 'yar uwa, ki san haƙƙin ɗanki. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare da ƙaramar sakandare, shekara tara, kyauta ne kuma wajibi, mace da namiji. In an koro yarinyarki kan wani kuɗi, ku haɗu ku matan layi ku tura iyayen yara wurin shugaban makaranta da kansila. In 'yan siyasa sun aiko muku da atamfa da sabulu, ku aika musu da tambaya: yaushe za a sa magani a asibitin unguwa, yaushe za a gyara ajin da rufinsa ya yaye? A Islamiyya, a gidan suna, a wurin adashi, ku tattauna, ku rubuto wa gidan rediyo ko ku bugo waya. Katin zaɓenki kuma ki adana shi kamar yadda kike adana sarƙarki, don wata ta sha ɗauri kafin ya zo hannunki.

Hajiya Gambo ta rasu a watan Oktoba na 2001. Allah ya jiƙanta, ya jiƙan iyayenmu, ya raya mana zuriya cikin wadata. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.