Daga gawon Waca zuwa gandun Termit: tarihin kuɗi da iko cikin tsaron daji a jahar Damagaram

Wannan ɗan nazari yana bin diddigin tambaya guda: idan hukuma ta keɓe daji domin namun dawa, wa ke biyan kuɗin tsaronsa, kuma mine ne rabon mutanen da ke zaune cikinsa? Za mu duba ta daga Waca, cikin gundumar Magarya, ko da yake babban gandun da ake magana a kansa yana can arewa maso gabas, bayan Gure.

Tushen al'amarin shi ne dokar gandun daji ta ranar 4 ga Yuli 1935, wadda Faransawa suka kafa wa ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunsu. Dokar ta mai da dajin da ba a noma mallakar hukuma, ta kuma hana sare wasu itatuwa ko da cikin gonar mutum suke. Gandun Gadabeji na jahar Maraɗi, wanda aka keɓe a 1955, ɗan wannan zamani ne. Bayan samun mulkin kai, dokar 1974 ba ta sauya wannan tunani ba. Ga manomin Waca ko na Dungas, ma'aikacin gandun daji mai cin tara ne, gawo kuwa itacen gwamnati ne. Saboda haka ya fi masa sauƙi ya tumɓuke tsiron tun yana ƙarami da ya bar shi ya girma ya jawo masa magana.

Fari na 1973 da na 1984 suka nuna iyakar wannan tsari. Taron Maraɗi na 1984 kan yaƙi da hamada, da dokar karkara ta 2 ga Maris 1993, da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, kowanne ya ɗan sassauta hannun hukuma. A cikin wannan tsakani ne manoman Magarya da Matamaye da Mirya suka shiga barin tsiron gawo a gonakinsu suna yi masa sassabe. Binciken da Larwanou da Abdoulaye da Reij suka fitar a 2006 ya ƙiyasta filin da ya farfaɗo ta wannan hanya da kimanin hekta miliyon 1. Babu shinge, babu albashin mai gadi. Abin da ya sauya shi ne manomi ya soma ganin itacen nasa ne: ganyensa taki, ƴaƴansa abincin bisashe, reshensa makamashi.

Wani gwaji a jahar na raba iko kan dajin da aka riga aka keɓe shi ne na Takeita, mai hekta 6.720. Daga 1995 zuwa 2000 ƙungiyar SOS Sahel ta taimaka aka haɗa manoman kewaye da makiyaya, har da masu zuwa cin rani, cikin ƙungiyar Ku Tayani, wadda hukuma ta danƙa wa kula da dajin. Amma Takeita ƙaramin daji ne, ana iya kewaye shi bisa doki.

Termit da Tin Tumma wani abu ne daban. An kafa gandun a watan Maris 2012, da faɗin kilomita murabba'i dubu 97, wato ya fi ƙasar Portugal girma. Dalilin kafa shi shi ne dabbar hamada da masana ke kira adaks, wadda a nan ne garkenta na ƙarshe ya rage a daji. Cikinsa akwai Tubawa da Buzaye da Larabawa da Fulani da raƙumansu da rijiyoyinsu. Baitulmalin ƙasa bai da ƙarfin sayen motoci da mai da biyan masu sintiri a fili irin wannan, don haka a 2018 gwamnati ta danƙa tafiyar da gandun ga ƙungiyar Noé ta Faransa na tsawon shekara 20, da tallafin Tarayyar Turai. An ɗauki wasu ƴaƴan makiyaya aikin sa ido, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin babu mai sanin sawun dabba da sawun motar mafarauta kamar mai raƙumi.

Sai dai ƙarƙashin rairayin akwai man fetur. Tun 2008 kamfanin CNPC na Sin yake aiki a Agadem, kuma daga can ake turo ɗanyen mai zuwa matatar Damagaram da aka buɗe a 2011. Ƙidayar 2016 ta iske adaks 3 kacal, alhali shekaru kaɗan kafin nan ana ƙiyasin kusan 200. Masana sun ɗora laifin bisa hayaniyar aikin mai da farautar da ta biyo bayansa. A watan Yuni 2019, ƙasa da shekara ɗaya da sa hannu kan yarjejeniyar shekara 20, majalisar ministoci ta zare kusan rabin gandun, daidai wurin da ya haɗu da filayen mai. A 2021 an sake shata iyaka, faɗin ya koma kimanin kilomita murabba'i dubu 86. A dukkan wannan ja-in-ja, masu murya su ne gwamnati da kamfani da ƙungiyoyin waje.

A nan ne, a ganinmu, kalmar «haɗin gwiwa da al'umma» take bukatar a tantance ta. A tsarin da aka kafa a 2018, makiyayin Termit ma'aikaci ne a gandun, albashinsa daga Turai yake zuwa, iyakar kuma a Yamai ake zana ta. Gandun Ayar da Tenere, wanda aka kafa a 1988, ya riga ya nuna raunin irin wannan kuɗi: da tawaye ya ɓarke, aikin ya tsaya, a 1992 kuma Unesko ta sa shi cikin jerin wuraren da ke cikin haɗari. Haka ma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 Tarayyar Turai ta dakatar da tallafinta ga kasafin kuɗin Nijar.

Ba mu ce dabarar Waca za ta ceci adaks ba. Gawo yana biyan mai shi tun yana raye, adaks kuwa ba ta ba makiyayi nono ko taki. Wannan bambanci shi ne ainihin aikin da ke gaban masu bincike: a gano wane haƙƙi rubutacce bisa rijiya da makiyaya, da wane kaso na harajin mai, za a iya ajiyewa da sunan al'ummun Tasker da Ngurti, yadda ba zai ƙare da ƙarewar wa'adin mai ba da tallafi ba.