Liƙi

līƙī̀ sn. nj.; jm. lī̀ƙe-lī̀ƙe.

1. Manna abu a kan wani: ~n takarda a bango.

2. Toshe huda ko tsaga: ~n tulu da ƙaro.

3. (kanikanci) Toshe yoyon hayaƙi a mahaɗar kan inji da bututun salansa. Alamar yoyo: ƙarar "tak-tak" in inji ya yi sanyi, da baƙin tokar hayaƙi gefen noti. (a) ~n gasket: a kankare tsohon, a sa sabo, a ɗaure notuna daga tsakiya zuwa gefe, shi ne mai ƙarko. (b) ~n gam: sai gam mai jure wuta, na gama-gari ƙonewa yake yi, ba ya gyara ƙarfen da ya lanƙwashe. Mis.: *Gargadar hanyar Damana ta sassauta noti, ~n ya buɗe.* *Malam, a sake ~n nan kafin ka kama hanyar Filinge, hayaƙin yana shiga mota, guba ne.*

4. Manna wa makaɗi ko amarya kuɗi a goshi: an yi ~ a biki.

Dangi: līƙā̀ fi.; līƙḕ fi.; lī̀ƙaƙƙē sf., mc. lī̀ƙaƙƙiyā, jm. lī̀ƙàƙƙū. Dubi: faci, walda.