Launin Ɗakunan Zongo: Abin da Ayari Ya Kawo da Abin da Teku Ya Kawo



Kwanakin baya aka kira mu rabon gadon wata dattijuwa a nan Zongo, Allah ya jiƙanta da rahama. Da aka gama lissafin gida da 'yan kuɗin da ta bari, sai aka buɗe ɗakinta. Kabad biyu muka tarar, shaƙe da samira da langa da fanteka, an jera su tun daga ƙasa har kusa da rufi, ja da fari da shuɗi da ruwan ɗorawa, kowane kwano da irin furensa. A ƙarƙashin gado akwai akwatin ƙarfe, cikinsa luru guda, da zanen saƙi, da turamen atamfa uku da almakashi bai taɓa su ba. Atamfa kowa ya miƙa hannu. Kwanonin kuwa aka rasa mai ɗauka, har wata jikanya ta ce ba su dace da kalar falonta ba. Aka yi musu kuɗi a dunƙule, abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba. Mu masu riƙe da alƙalami muka rubuta yadda aka yanke, amma abin ya tsaya mana a rai, domin rabin tarihin unguwarmu ne aka yi wa wannan farashi.

Launin da ke ɗakunanmu ta hanya biyu ya iso Lome. Ta farko ita ce ta arewa. Kakanninmu fatake ne, masu bin hanyar Gwanja daga Kano da Katsina da Sakkwato, su kai kanwa da fata da tufafi, su komo da goro. Babbar kasuwarsu Salaga ce. Da yaƙin basasa ya watsa ta a 1892, jama'arta suka bazu. Wasu suka sauka Kete-Krachi, inda mashahurin malamin nan Alhaji Umaru ya zauna har rasuwarsa a 1934, wasu suka yi ta gangarowa kudu har suka ji ƙamshin teku. Jamusawa sun kafa tutarsu a wannan gaɓa tun 1884, suka mai da Lome babban birni a 1897. Inda ayari ya sauke kaya nan ake kira zango, sunan da bakin mutanen nan ya mayar Zongo.

Launin da ayarin ya ɗauko, idan za a faɗe shi da kalma ɗaya, shuni ne. A marina ake haɗa baba da toka a cikin rijiyar rini, a bar su su yi kwanaki suna ruɓa, sa'an nan a tsoma zane a ciro. Yana fitowa kore-kore, iska na bugunsa yana komawa shuɗi a gaban idon mutum. A yi ta tsomawa har ya yi duhu kamar baƙi, a kai shi mabuga a buge shi ya riƙa ƙyalli. Daga nan turkudi ya fito, da kore, da rawani ɗan Kura. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake cewa tun 1498 take, har yau ana rini a cikinta. Bajamushen nan Heinrich Barth da ya shiga Kano a 1851 ya yi mamakin nisan ƙasashen da tufafin garin suke kaiwa. Bayan shuni sai farin auduga, da jan fata da ake rinawa da karan dafi, da ɗan alharini mai tsada da ke ƙetaro Sahara. Idon kakanninmu da waɗannan ya saba: duhu mai zurfi, fari tas, da ja kaɗan kamar gishiri a miya.

A can gida, bango ma yana da nasa rabo. Ana shafe shi da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ya yi ja mai duhu. Ana wanke ciki da farar ƙasa, mata su yi daɓe su yayyafa masa makuba, magina su zana dagi a goshin zaure. Wanda ya taɓa ganin fadar Zazzau ko tsofaffin gidajen Birni a Damagaram ya san abin da muke faɗa. To, wannan fasaha ba ta biyo mu bakin teku ba. Ƙasar Lome rairayi ce, ba ta tubali. Abin da ya fi wannan nauyi kuma, baƙo ba ya zana dagi a bangon da bai tabbata nasa ne ba. Tun zamanin Turawa an sha matsar da Zongo duk lokacin da gari ya cim masa. Saboda haka iyayenmu mata suka ɗauke launi daga bango, suka zuba shi a kan abin da za a iya ɗaurewa a ɗora a ka: kwano, faifai, tabarma, zanen gado, labule. Wanda bai gane wannan ba zai ga kabad ɗin dattijuwar nan ya ce tarkace ne.

Hanya ta biyu ita ce ta ruwa. Abin mamaki, a shekarar da Lome ta zama babban birni, 1897, a ita ce kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, wanda ba ya bukatar gonar baba ko rijiya. A 1904 Jamusawa suka gama gadar jiragen ruwa da ta miƙa cikin teku, suka shimfiɗa dogo zuwa Aneho a 1905, Kpalime a 1907, daga baya kuma Atakpame. Ta kan wannan gada galura ta shigo, da bula, da kwanon rufi, da yadudduka masu launin da marina ba ta taɓa mafarkinsa ba. Mutanenmu da suka zo sayar wa teku kayan arewa, sai ga su suna kai wa arewa kayan teku.

A jere aka fi ganin wannan canji. Asalin jeren amarya ƙore ne, farare da masu zane, a ɗora wannan kan wannan, a rufe da faifai mai ado. Daga baya tasoshi suka shigo, masu hali suka sami na tagulla. Sai kwanon fenti ya zo daga Turai, bayansa na Hong Kong da Sin, ya kori kowa. Jere ba a yinsa da ka. Ƙawayen uwa da gwaggwanni ne suke wuni a ɗaki suna gardama: manya a ƙasa, ƙanana a sama, kada ja ya zauna kusa da ja, a raba su da fari, ido ya sami wurin hutawa. Mun sha jin tsofaffi suna cewa jeren wance yana da hayaniya, na wance kuwa yana da kunya, kuma duk macen da ke wurin ta san abin da ake nufi. Kada a manta, jere dukiyar mace ce ta kanta. Miji ba shi da iko a kai. In rana ta ɓaci ta sayar da saiti guda ta rufa wa kanta asiri, in 'yarta ta isa aure ta rage nata ta cika na 'yar. Asusu ne da ake kallo kullum a ji daɗi.

Atamfa kuwa, a nan Lome take da gida. Asalin fasaharta batik ne na tsibirin Jawa, Turawan Holan suka kwaikwaya da inji, kamfanin Vlisco da aka kafa a garin Helmond a 1846 ya zama sarkinta. Matan nan na babbar kasuwar Asigame da ake kira Nana Benz, saboda motocin Mercedes da suka riƙa hawa, su ne suka riƙe cinikinta tun daga shekarun 1960 zuwa na 1980. Su ke zaɓar zane, su raɗa masa suna, wani a ce idon kishiya, wani a ce mijina ya isa. Ba Hausawa ba ne, amma 'yan kasuwarmu da na Nijar da Najeriya daga hannunsu suke sari, kuma babu lefen da ke cika a Zongo sai da Holandis. Malamanmu sun yi magana a kan atamfar da ke da hoton tsuntsu ko kifi. Sukan kawo hadisin Nana A'isha, Allah ya yarda da ita, da ta rataya labule mai hotuna, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya nuna ƙinsa, sai aka yanka shi aka yi matasai. Shi ya sa a gidajen malamai za ka ga labule na ganye ne ko na zane-zane, mai tsuntsu kuwa ya koma rigar matashi. A bango abin da ake ratayawa shi ne allon zayyana na wanda ya sauke Alƙur'ani, da baƙar tawadarsa da ja da rawaya da kore.

Inda atamfa ta yi yawa, ƙyallaye sukan yi yawa. Yara ake aikawa shagon tela su kwaso abin da almakashi ya zubar, tsofaffi su zauna da allura su haɗa zanen gado, ko mayafin sanyi na lokacin hunturu, ko shimfiɗar jariri. Wasu na ganin aikin talauci ne. Mu dai ba mu ga haka ba. Ɗinkin da ake cusa auduga a tsakanin yadi biyu a bi shi da zare tsohon abu ne a wurinmu, shi ne lifidi, rigar yaƙin doki da mahayinsa. Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo shi. Har yau a hawan salla 'yan lifida suna fitowa da shi, ja da rawaya da kore an jera su gida-gida. Tsohuwar da ke haɗa ƙyallaye tana iya nuna maka kowane yanki ta gaya maka na bikin wa ne, wace ce ta haihu aka yi ankonsa, wace ce ta rasu.

Sai 1977. Hukuma ta tashi tsohon Zongo daga tsakiyar gari, aka ba mu fili wajen kilomita 15 arewa, a gefen Agoe, inda muke yanzu. Wurin da muka bari manyan gine-ginen bankuna ne suka tsaya a kai. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta ba. Maza suna ta ciro kwanon rufi da ƙyamare, mata kuwa ba su yarda kowa ya taɓa jerensu ba. Da zannuwa suka naɗe kwano ɗaya-ɗaya don kada fenti ya ɓantare. A sabon wuri, kafin a yi ƙofa, kafin a ja ruwa, mun ga ɗakin da labule ne kawai a bakinsa amma an riga an gama jere a ciki. Uwar ɗaya daga cikinmu ta ce sai da ta ga kwanoninta a tsaye sa'an nan barci ya ɗauke ta.

A sabon Zongo ne launi ya koma bango, domin mutum ya fara jin gidan nasa ne. Aka yi bulo da siminti, aka sayi fenti. Masallatai da gidajen alhazai suka ɗauki fari da kore, zaure ya sha ruwan bula, ɗakin amarya ruwan hoda. Damshin wannan ƙasa ba ya barin fenti ya daɗe, don haka gab da salla kowa yake sabuntawa. Tsakar gida ma ta sami shuka. A da, shukar da ba a ci, ba a sha, ba a magani da ita, ba ta da wuri a gidan Bahaushe: zogale, lalle, na'ana'a da ɗoɗɗoya a tsohon gwangwanin tumatir. Ajiye fure a tukunya don kallo kawai, a wurin maƙwabtanmu Ewe da Mina muka gani, kuma 'ya'yanmu sun karɓe shi hannu biyu. Ba laifi. Ya fi fulawar roba da ke tara ƙura a kan talabijin.

Ita dai tashar jirgin ruwa ba ta daina aiko mana da launi ba. Sabuwar tasha mai zurfi da aka buɗe a 1968 ta maye gurbin tsohuwar gada, kwantena ta maye gurbin buhu. Da aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, Holandis ta fi ƙarfin mutane da yawa, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa. A Janairun 2013 gobara ta cinye babban ginin Asigame. Yau abin da kwantena ke saukewa tayil ne, da labule mai ƙyalli, da kujeru ruwan toka, kuma amarya a waya take zaɓar kalar ɗakinta. Ba mu ce a koma ƙwarya ba. Abin da ke damunmu shi ne har sunayen suna tafiya. Harshenmu daga abin da ido ya sani yake ciro sunan launi: ruwan goro, ruwan ɗorawa, ruwan makuba, ruwan hanta, ruwan zuma, ruwan ƙasa, algashi, tsanwa. Mun tambayi wasu 'yan makarantar allo mene ne algashi, babu wanda ya sani, amma duk sun san sunansa da Faransanci.

Game da kayan dattijuwar nan, maigidanmu ya sa aka biya magada kuɗin da aka yanke, aka kwaso kwanonin zuwa wani ɗaki a bayan zaurensa. Mu maza muka jera su yadda muka ga dama. Washegari wata tsohuwa, ƙawar marigayiyar, ta leƙo ta gani, ta riƙe baki, ta ce wa ya haɗa ja da ja haka? Ta sa aka sauke su duka. Kwana biyu ta yi tana jerawa, da 'yan mata uku suna miƙo mata, tana gaya musu sunan kowane kwano da bikin da aka saye shi. Lurun kuma an shanya shi ya sha iska, an mayar da shi akwatinsa da ɗan kanumfari saboda asu.