Matsewar Jijiyar Bayan Gwiwa

Matsewar jijiyar bayan gwiwa (suna, mace): lalurar da ke samuwa idan jijiyar ji da motsi ta dannu a inda take zagaye kan siririn ƙashin ƙwauri. Bayan ƙafa yakan mutu, yatsu su ƙi ɗaguwa, takalmi ya riƙa kartar ƙasa. Dogon tsuguno na jawo ta, don haka manomi mai wuni yana dashe ya kula. Wasu na tsoron tiyata za ta gurgunta su, alhali likita ba ya yanke jijiyar, tantanin da ya shaƙe ta yake tsagawa. Idan wata 3 zuwa 4 suka wuce ba sauƙi, jinkiri ne haɗarin, domin tsokar ƙafa na ƙanjamewa. A garzaya Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato.