Ɗakin Karatu da Jama'arsa: Waiwaye a kan Tarihin Laburare daga Ƙasar Karaye da Rogo

1.0 Gabatarwa

A cikin wannan takarda za mu yi ƙoƙari mu bi diddigin dangantakar da ke tsakanin ɗakin karatu, watau laburare, da jama'ar da aka gina shi dominsu. Mun zaɓi mu tsaya a ƙasar Karaye da Rogo, a yammacin Jihar Kano, domin daga karkara ne aka fi ganin amfanin irin wannan aiki ko rashin amfaninsa. Karaye tsohon gari ne, sunansa ya fito a cikin Tarihin Kano wajen labarin yaƙe-yaƙen Kanawa da Katsinawa. Rogo kuwa tana kan iyaka da jihohin Katsina da Kaduna. Tun shekarar 2024 waɗannan ƙananan hukumomi biyu su ne suka haɗu suka zama Masarautar Karaye. Abin da muke so mu nuna shi ne, a duk zamanin da littafi ya ƙarfafa jama'a a ƙasar Hausa, to, an kai shi ne cikin harshen da suke ji, a wurin da suka saba zama, ta hannun mutumin da suka amince da shi.

2.0 Laburaren Zaure

Kafin Turawa su ci Kano a shekarar 1903, ajiye littattafai ba baƙon abu ba ne a wannan ƙasa. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda Shehu Magili ya zo Kano a lokacinsa, malamai suke tara littattafan fiƙihu da tauhidi da nahawu da lugga. Malami yakan adana su cikin gafaka, ya jera a ɗakinsa ko a zaurensa. Almajirin da ke son wani littafi sai ya aro, ya kwafe da hannunsa, ya mayar. Ta haka kwafi ɗaya yakan haifi goma. Fatake da alhazai su ma sukan dawo da sababbi daga tafiye-tafiyensu.

Wannan tsari yana da ƙarfi ta fuska uku. Na farko, mai littafin shi ne mai bayaninsa, saboda haka wanda bai iya karatu ba ma yakan amfana idan ya zauna a majalisin. Na biyu, zaure wuri ne da kowa ya san ladabin shigarsa. Na uku, a wurin malamin nan ne ake raba gado, a rubuta wasiƙa, a sasanta masu husuma. Amma yana da nasa rauni. Littattafan dukiyar mutum ɗaya ce. Idan ya rasu akan raba su tsakanin magada, wasu gara ta ci, wasu damina ta lalata. Har ila yau, mata da yawa ba su da hanyar kaiwa gare su sai ta hannun miji ko uba.

3.0 Ɗakunan Karatu na En'e

Laburare irin na boko ya iso Arewa ne bayan an fara samun abin karantawa da Hausa. An kafa Hukumar Fassara a shekarar 1929, daga baya ta zama Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Dokta R. M. East. Gasar da ta shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da sauransu. A watan Janairu na 1939 kuma aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo, Malam Abubakar Imam yana editanta.

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu gwamnatin Turawa ta ƙarfafa wa hukumomin En'e gwiwa su buɗe ɗakunan karatu a manyan garuruwa. Babbar manufarta a sa'an nan ita ce jama'a su ji labarin yaƙi daga bakin hukuma. Da yaƙi ya ƙare sai ɗakunan suka zauna a hannun En'e. A 1952 aka kafa Laburaren Jihar Arewa a Kaduna, wanda ya riƙa aika akwatunan littattafai zuwa waɗannan ɗakuna da makarantu, yana kuma ba masu kula da su ɗan horo.

Sai dai kash, yawancin abin da ke cikin akwatunan da Turanci yake. Manomin Zarewa ko na Yammedi, wanda ya sauke Alƙur'ani kuma yana rubuta wasiƙarsa da ajami, ba shi da rabo a cikinsu. Ga shi kuma ɗakin na hukuma ne, talaka kuwa yana ɗari-ɗari da duk abin da ke kusa da ofishin haraji. Saboda haka masu shiga su ne malaman makaranta da ma'aikatan En'e da 'yan makaranta. A 1963 wani masanin laburare daga Ostareliya, F. A. Sharr, ya rubuta rahoto a kan bukatun Arewa ta wannan fanni, inda ya jaddada muhimmancin horar da ma'aikata. A 1968 Jami'ar Ahmadu Bello ta buɗe sashen koyar da aikin laburare.

4.0 Yaƙi da Jahilci

A ganinmu, lokacin da littafin boko ya fi kusantar mutumin karkara shi ne zamanin Yaƙi da Jahilci, a shekarun 1950. An buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka, Hukumar NORLA kuma ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwo da tsafta da addini, da boko da ajami. Lardi-lardi aka riƙa fitar da jaridu. Ta Lardin Kano ita ce Sodangi. Dillalai suka riƙa kai su kasuwanni. A nan an cika sharuɗɗan nan uku: harshe na gida, wuri na gida, malami ɗan gari. Da aka rufe NORLA a 1959 sai wannan hanya ta tsuke, wanda ya koyi karatu ya rasa abin karantawa, karatun kuwa in ba a bita gudu yake yi.

Bayan ƙirƙiro jihohi a 1967, aikin laburare ya koma hannun kowace jiha, Kano ta kafa nata. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya cika makarantu da yara, sa'an nan a 1980 gwamnatin Alhaji Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano. Masu iya karatu suka ƙaru ƙwarai. Daga tsakiyar shekarun 1980 sai ga littattafan soyayya na marubutan Kano sun cika kasuwa, aka sami masu ba da su haya a kan 'yan kuɗi kaɗan, yara suna kai wa matan aure har cikin gida. Ko mene ne ra'ayinmu game da waɗannan littattafai, sun ƙaryata zancen da ake yi cewa Bahaushe ba ya son karatu. Mai hayar littafi ya isa inda akwatin Kaduna bai taɓa isa ba.

5.0 Darasi daga Zarewa

Akwai wani aiki na laburare wanda tarihin wannan ƙasa ya nuna muhimmancinsa, watau adana abin da jama'a suka sani. Baba ta Karo ta tashi ne a yankin Zarewa, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Rogo. A tsakanin 1949 da 1950, a garin Giwa, ta ba Mary Smith labarin rayuwarta: zaman rinji, da harin masu kama bayi, da aure, da ƙawance, da zuwan Turawa. Ta rasu a 1951, aka buga littafin da Turanci a Landan a 1954. Ya zama abin karatu a jami'o'in duniya, amma sai bayan shekaru masu yawa aka fitar da shi da Hausa a Kano. Ilmin da ya fita daga Zarewa ya daɗe yana amfanar baƙi kafin jikokin masu shi su sami damar karanta shi.

Irin Baba ba su ƙare ba, amma kullum raguwa suke yi. Madatsar ruwa ta Challawa, wadda aka kammala a ƙasar Karaye a 1992, ta kawo noman rani da su, ta kuma canza matsugunai da gonaki. Tsofaffin da suka san yadda ƙasar take kafin ruwa ya kwanta, da sunayen fadamu da burtalai da kufai, su ne kundin wannan tarihi. In sun tafi ba a rubuta ba, shi ke nan.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata muna ba da shawarwari huɗu ga duk ɗakin karatun da zai yi wa Karaye da Rogo aiki. Ya tanadi littattafan Hausa na boko da ajami da na Larabci tare da na Turanci. Ya riƙa fita ranar kasuwa, ya kuma keɓe hanyar da littafi zai shiga gida wurin mata. Ya haɗa kai da malaman zaure a ɗauki hoton rubuce-rubucensu, asalin ya zauna a hannun masu shi. Ya ɗauki muryoyin dattawa maza da mata, ya ajiye a garin, domin wayar hannu ta sauƙaƙa wannan aiki. A bayan duk waɗannan, ya kamata sarki da hakimai da dagatai da ƙungiyoyin gari su sami wakilci a cikin kwamitin da ke tafiyar da shi, domin abin da jama'a suka ɗauka nasu ne shi suke yi wa yaɓe kafin damina.