Rantsuwa da Tarbiyya a Ƙungiyoyin Asiri na Ƙasar Lafiya

Kalmar "asiri", wadda Hausa ta aro daga Larabci, tana ɗauke da ma'ana biyu: abin da aka ɓoye, da kuma sihiri. Wannan ne ya sa da an ce "ƙungiyar asiri", hankalin Bahaushe kan tafi ga tsafi, ya manta cewa irin waɗannan ƙungiyoyi sun kasance makarantun tarbiyya ga al'ummun da suka kafa su.

Alal misali, Eggon, waɗanda suka gangaro daga duwatsunsu a zamanin mulkin mallaka suka bazu har cikin unguwannin Lafiya irin su Bukan Sidi, suna da Ashim, wato bautar kakanni wadda maza kaɗai ke shiga. Tushen koyarwarta shi ne matattu ba su rabu da rayayyu ba, suna ganin ɓarawo da mazinaci da maye, suna kuma hukunta su. Yaron da aka shigar yakan koyi biyayya ga dattawa da riƙe baki. Rantsuwa ce ginshiƙin komai, domin wanda ya tona asiri kakanni ya saɓa wa, ba mutane ba. Sai dai mata, waɗanda hukuncin ke hawa kansu, ba su da ta cewa.

Hukuma ba ta amince da wannan tsari ba. A 1977 gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta haramta wa ma'aikatanta shiga ƙungiyoyin asiri, sannan sashe na 38(4) na Tsarin Mulkin 1999 ya cire su daga cikin 'yancin addini.

Duk da haka, ƙungiyar Ombatse, wato "lokaci ya yi" da harshen Eggon, ta bayyana da irin wancan kira na barin sata da zina da giya. Bambancin shi ne an zarge ta da tilasta wa mutane yin rantsuwa, har gwamnatin Jihar Nasarawa ta haramta ta a 2012. A ranar 7 ga Mayu, 2013, aka yi wa jami'an tsaron da aka tura ƙauyen Alakyo, kusa da Lafiya, kwanton ɓauna, aka kashe fiye da 60 daga cikinsu. Rantsuwar da a da dattawan gari ke riƙe da linzaminta ta koma hannun matasa masu ɗauke da makamai, kuma asirin da ke ba koyarwar ƙarfi shi ne ya hana na waje sanin wanda za a tuhuma.