Yadda Birtaniya ke horar da masu kula da lambunan tarihi da na binciken tsirrai

A ɗakin gilashin da ake renon dabino da dangoginsa a lambun Kew, da ke kudu maso yammacin Landan, akwai wata shuka da ke zaune cikin tukunya tun shekarar 1775, lokacin da Francis Masson ya kawo ta daga Afirka ta Kudu. Shekara 250 ke nan ana ba ta ruwa, ana sauya mata ƙasa, ana tokare gangar jikinta da ƙarfe don kada ta kife. Duk wanda ya taɓa kula da ita a hannun wani ya koya. A kan wannan gadon ne Birtaniya ta gina tsarin tura masu koyo su yi aiki a lambunan tarihi da na binciken tsirrai, ƙarƙashin manyan ma'aikatan lambu.

Lambun binciken tsirrai ya bambanta da wurin shaƙatawa. Kowace shuka a cikinsa tana da lamba da rajista: inda aka samo ta, wanda ya kawo ta, da shekarar da ta iso. Mafi tsufa a Birtaniya shi ne na Jami'ar Oxford, wanda aka kafa a 1621, sai na Edinburgh a 1670, sai Chelsea a 1673, sannan Kew a 1759. Lambun tarihi kuwa galibi na tsofaffin gidajen sarauta da attajirai ne, kuma ana ƙoƙarin riƙe shi da fasalin zamanin da aka zana shi. Ma'aikaci ba shi da ikon dasa abin da ya ga dama, sai ya duba tsofaffin taswirori da takardun gidan.

Shirin da ya ɗauki sunan wannan fanni kai tsaye ya fara a 2006 da kuɗin asusun cacar ƙasa da ake warewa don adana kayan tarihi, kuma hukumar English Heritage ce ke jagorantarsa. Dalilin kafa shi a bayyane yake: ƙwararrun masu lambu suna tsufa suna barin aiki, kwalejoji kuma suna yaye ɗalibai masu takarda waɗanda hannunsu bai saba da ƙasa ba. Ana tura mai koyo lambu guda ya shekara yana aiki cikakken lokaci, ana biyansa, yana rubuta abin da ya yi kullum, ana kuma gwada shi a kan gane tsirrai da sunayensu na Latin.

Shekara guda ba zaɓin banza ba ce. Aikin lambu a ƙasar da ke da yanayi huɗu yana juyawa ne da watanni, kuma wanda ya zo wata uku kacal kashi ɗaya ya gani. A hunturu ake datse rassan itatuwan marmari da gyaran ƙasa. Idan sanyi ya ja da baya sai yafa iri da dashe. Lokacin zafi ban ruwa ne da cire ciyawa da yaƙi da ƙwari, kaka kuma ta tara iri da haɗa takin ganye. A tsakani ake koyon auren itatuwa, irin wanda masu lambun mangwaro suka sani, da fitar da sabuwar shuka daga yankakken reshe. Littafi na iya bayyana kusurwar da wuƙa za ta bi, amma sai babban ma'aikaci ya tsaya a kan mutum kafin ya daina kashe dashe.

Kew na da nata tsarin mai zurfi, difloma ta shekara 3 da aka fara a 1963. Ɗalibanta ma'aikata ne masu albashi, suna zagaya sassan lambun ɗaya bayan ɗaya, ana haɗa musu da darussan aji, kuma ba a ɗaukar wanda bai taɓa aikin lambu ba. Akwai kuma wani shiri na ƙungiyar WFGA, wadda mata suka kafa a 1899. An buɗe shi a 1993 domin mata masu komawa aiki bayan reno, kwana 2 a mako na tsawon shekara, yanzu kuma har maza na shiga. Ita kanta Kew sai a 1896 ta ɗauki mata aikin lambu, Annie Gulvin da Alice Hutchins, aka kuma sa su sanya tufafi irin na maza.

Tarihin wannan horo ya taɓa Afirka ta Yamma, kuma ba don Allah aka yi ba. Daular Birtaniya ta riƙa tura waɗanda Kew ta horar zuwa tashoshin gwajin shuka a ƙasashen da ta mallaka, domin gano amfanin gonar da zai kawo mata kuɗi. William Crowther, shugaban farko na lambun Aburi da aka buɗe a Ghana a 1890, ɗan koyon Kew ne. Shi ma John Hutchinson ya shiga Kew a 1904 a matsayin ƙaramin ma'aikacin lambu, daga baya ya haɗa kai da J. M. Dalziel suka rubuta babban kundin tsirran Afirka ta Yamma. Dalziel likita ne da ya yi aiki a Arewacin Najeriya, kuma shi ya wallafa ƙamus na sunayen tsirrai da Hausa a 1916.

Inda gizo ke saƙar a yau shi ne wanda zai iya shiga. Kuɗin da ake biyan mai koyo bai yi nisa da mafi ƙarancin albashi ba, alhali haya a Landan da kewayenta tana cinye kaso mai yawa, lambunan karkara kuma sukan yi nisa da hanyar motar haya. Guraben kaɗan ne idan aka kwatanta da masu nema. Tun da yake aikin albashi ne, mai nema daga Kano ko Yamai zai fara cin karo da batun izinin aiki a Birtaniya kafin a kai ga tambayar ko ya iya riƙe almakashin datse reshe.